Barkar Haihuwa a Ƙasar Adar: Wuri, Akuya da Turmin Atamfa

Duk wanda aka aiko wa goron suna a Keita ko Tamaske, a Buza ko Madawa, tambaya ɗaya ke fara zo masa: me zan riƙa in je da shi? Ta namiji mai sauƙi ce. Ya yi sammako bayan sallar asuba, ya zauna kan tabarma a ƙofar gida, a yi fatiha, liman ya raɗa suna, maroƙi ya ɗaga murya ya sanar, ya miƙa wa uban jariri abin da ya sawwaƙa, ya karɓi goronsa da dabino ya kama gabansa. Mace ce ke da aiki. Ita ba ta shiga kasuwa ta ce wancan ya yi mini kyau a miƙo. Kafin ta taɓa turmin atamfa sai ta tuna abin da mai jegon, ko uwar mai jegon, ta kawo mata ranar da ita ta haihu, don a kansa za a auna nata. Wannan lissafi ya girmi kuɗin takarda a Adar, kuma kayan da ake biyan sa da su sun yi ta sauyawa gwargwadon abin da ƙasar ta samu da abin da ta rasa.

Abin da addini ya nema shi ne mafi ƙanƙanta a cikin ɗawainiyar. Risala ta Ibn Abi Zaid al-Ƙairawani, wanda ya rasu a 996, littafi ce da almajiran wannan yanki ke karantawa a zaure bayan Ahalari da Ishmawi. Hukuncinta shi ne a yanka wa jariri dabba ɗaya ranar bakwai, irin wadda ta isa layya, kuma ba a sa ranar haihuwa cikin ƙidayar. Shi ya sa wanda aka haifa ran Talata ake zana sunansa Talata mai zuwa. A mazhabar Malikiyya namiji da mace duk dabba ɗaya ce. An so a aske gashin jariri a yi sadaka da nauyinsa na zinariya ko azurfa, kuma Muwaɗɗa ta Imamu Malik ta kawo cewa Nana Faɗima ta yi haka da azurfa ga 'ya'yanta. Iyakar abin ke nan. Muhtasar na Halilu ma karhanta mai da naman walima ya yi. Goro da gara da atamfa da kuɗin biki duk al'ada ce ta ɗora su, kuma nauyinsu a aljihu ya fi na ragon nesa ba kusa ba.

Adar ƙasa ce ta duwatsu da kwaruruka, a tsakanin Abzin da Gobir da Kabi. A 1674 Agabba, ɗan Sarkin Agadas Muhammadu al-Mubarak, ya ƙwace ta daga hannun Kabawa, kuma zuriyar Abzinawan Lissawan da suka rako shi ce ta riƙe sarautar Keita daga baya. Abzinawan Kel Geres suka kafu a wajajen Madawa, ƙasar Gobir Tudu, a Galma da Azarori. Azna manoma suna nan tun kafin zuwan waɗannan duka, Fulani kuma na ratsawa da shanu. Farfesa Djibo Hamani ya rubuta tarihin sarautun ƙasar a 1975, Nicole Echard kuma ta rubuta na talakawanta manoma a wannan shekarar. Abin da ya shafe mu a nan shi ne, faifan da ake zagayawa da shi ranar suna kayan nesa ne a kansa tun asali. Dabino daga Abzin da Kawar yake, gishiri daga Bilma a bayan raƙuman ayari, goro kuma daga Gwanja, ta kasuwar Salaga, bayan fatake sun yi watanni suna kora jakuna. A lokacin, cikakkiyar ƙwaryar goro, ɗari cif, ba ta kowane magidanci ba ce. Ɓarawa ake yi a raba. Sai da jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, noman goro kuma ya bazu a ƙasar Yarbawa, sannan talaka ya iya aika goro gida gida ba tare da ya taɓa rumbunsa ba.

Amma a da kayan da mata ke shiga da su cikin gida ba na jariri ba ne, na uwa ne. Mai jego tana da kwana arba'in na wanka da tafasasshen ruwa safe da yamma, da kunun kanwa, da tuwo mai yaji, da ƙauri na ƙafafun sa da ake dafawa da kimba da citta da masoro da kanumfari. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan wani ne ke kawo shi. Miji tun ciki na wata bakwai yake tara itacen jego. Iyayen mace, musamman a haihuwar fari da take komawa wankan gida, su ke da gara: gero, mai, daddawa, gishiri, yaji. Maƙwabciya ta zo da ƙwaryar hatsi ko ɗan sabulun salo, wadda ba ta da ko ɗaya kuma ta ɗauki tulu ta nufi rijiya, ko ta kama taɓarya. A garuruwan kan dutse na Adar, inda rijiya ke can ƙasa cikin kwari, tulun ruwa a gidan da ake dafa wanka sau biyu a yini ba ƙaramar gudummawa ba ce, kuma ana riƙe ta a ka kamar yadda ake riƙe kuɗi. Ungozoma da wanzami kowa da kasonsa a jikin rago da kuma hatsi, wannan hakki ne, ba kyauta ba.

Dalilin da ya sa jariri ke zuwa a baya cikin rabon ba ɓoyayye ba ne. Binciken lafiyar jama'a da aka yi a Nijar a 1992 ya nuna cewa cikin yara 1,000 da aka haifa, 318 ba sa kai shekara biyar. Kusan ɗaya cikin uku ke nan, kuma a ƙarshen ƙarni na 20 ake magana, ba zamanin Agabba ba. A irin wannan hali ba wanda ke ɗinka wa ciki riga. Tsohon zane mai laushi ake yagawa a naɗe jariri, a ce Allah ya raya, a mai da hankali kan uwa, domin in ta miƙe da ƙarfinta akwai nono, in ta kwanta kuwa an yi hasara biyu.

Kyauta ɗaya ce tak ake yi da sunan yaron kansa, ita ce dabba. Kaka ko kawu ko goggo sai ta nuna 'yar akuya ta ce wannan ta wane ce. Buzaye da Fulanin da ke zaune da Adarawa su ma haka suke yi, sai dai nasu karsana ce, ko taguwa ga mai hali, kuma daga nan garken yaro ke somawa. A kudancin yankin, wajen Madawa, jar akuyar nan ta Maraɗi da Sakkwato ce aka fi so, wadda fatarta ta daɗe tana ƙetare Sahara har Turawa suka riƙa ce mata fatar Maroko. Tana saurin haihuwa, tana yawan yin tagwaye, kuma ba ta da tsadar ci. In Allah ya tsare ta daga ciwo da fari, kafin yarinya ta isa aure 'ya'yan akuyarta sun saya mata rabin kayan ɗaki, yaro kuma ya sami abin haɗa sadaki. Akwai kuma wata katanga da ba a gani: uba na iya sayar da akuyar ɗansa ranar da haraji ya matso, amma zai yi da kunya, kuma kakar da ta bayar za ta tambaya. A ganina, duk cikin kayan barka na da da na yau babu wanda ya kama ƙafar wannan, don ita kaɗai ce ke girma tare da mai ita.

Sai biki, wanda shi ne zuciyar maganar. Kowace mace tana da abokan biki, mata 'yan uwa da ƙawaye da suka ƙulla cewa duk ranar da ɗaya ke aurar da 'ya ko take suna, sauran za su kawo. Sharaɗin shi ne ba a mayar da daidai abin da aka karɓa. Ƙarawa ake yi, sau da yawa a ninka. Wadda ta kawo miki dala goma, ke ashirin za ki kai mata, ita kuma ta dawo da arba'in, har abin ya kai inda ba mai iya ɗauka, su zauna su yanke shi su koma ƙasa su sake hawa. Baba ta Karo, tsohuwar ƙasar Zazzau da Mary Smith ta rubuta labarin rayuwarta a 1949 da 1950, ta yi bayanin irin wannan mu'amala, Polly Hill ta same ta a Ɓatagarawa kusa da Katsina a 1967, Guy Nicolas kuma ya yi littafi guda a 1986 kan yadda kyauta da ciniki ke cuɗanya a kwarin Maraɗi. Daga Zazzau zuwa Adar tsarin ɗaya ne. Wanda ya kalle shi daga waje sai ya ce almubazzaranci ne. Na ciki ya san ajiya ce: mace na zuba 'yan kuɗin furarta da na ƙuli-ƙuli a hannun mata ashirin cikin shekara biyu, ranar da ta haihu su dawo mata a dunƙule, da ƙari, a daidai lokacin da ba ta iya sana'a. Ba takarda, ba shaida, sai wata tsohuwa da ke zaune kusa da mai jego tana karɓa tana faɗa da ƙarfi, wance ta kawo kaza, kowa na ji. Wadda ta ci biki ta ƙi ramawa ba alƙalin da zai kira ta. Ranar nata sunan ne za ta ga tsakar gida fayau.

Da kuɗin wuri ake wannan lissafi har Faransawa suka kafu a Tawa da Madawa a farkon ƙarni na 20, suka ce haraji da kuɗinsu za a biya. Wuri ya mutu a hankali, tamma da dala suka gaje shi, sefa ta zo a Disamban 1945. Harajin nan kuma shi ya fara tura mazan Adar ci-rani da yawa, zuwa Kano da Sakkwato da Gwalkwas, daga baya Abijan da Legas da Kamaru da Libiya. Da suka fara dawowa da kaya, barka ta sauya kama. Zanen saƙi da majanyi na masaƙan gida suka ja baya, atamfa ta shigo, musamman bayan masaƙar Kaduna ta fara aiki a 1957, Yamai ma ta sami tata. Kwanon sha da fanteka masu fenti suka ture ƙwarya, sabulun kanti ya ture na salo. Kayan fitar suna, wato tufafin da miji ke yi wa matarsa ta sa ran suna, suka zama ma'aunin da ake auna ɗan ci-rani da shi: mutum na Treichville ko Adjame a Abijan, bai ga ɗansa ba, watakila sai ya yi wayo zai gan shi, amma turmin da ya aiko ta hannun ɗan garinsu yana jikin matarsa gaban mata ɗari. Tabarmar kaba ta Madawa ce kaɗai cikin kayan gida ba abin da ya ture ta, har yau a kanta ake zaman suna.

Fari na 1973 da 1974 ya karkashe dabbobi, na 1984 ya zo ya ƙarasa, kuma ya zo da rashin sa'a biyu. A 1983 gwamnatin Shehu Shagari ta kori baƙi marasa takardu daga Nijeriya, a Afrilun 1984 kuma gwamnatin Janar Buhari ta canza takardun naira ta rufe iyakoki, ba a buɗe ba sai 1986. Ga gona ba ta yi ba, ga hanyar neman kuɗi ta toshe. Akuyar yaro da ta tsira daga yunwa an kai ta kasuwa an auno tiya. A wannan shekarar ta 1984, zamanin Seyni Kountché, aka soma babban aikin raya karkara na Keita da kuɗin Italiya, hukumar FAO na gudanarwa, hukumar abinci ta PAM kuma na biyan ma'aikata da hatsi da mai. Da yake maza sun watse neman abinci, mata ne mafi yawan waɗanda suka ɗauki duwatsu a ka, suka jera su a gangaren tudu, suka haƙa ramukan tare ruwa, suka dasa miliyoyin itatuwa daga Ibohamane zuwa Garhanga. Ana yawan ba da labarin wannan aiki ta fuskar gonakin da aka farfaɗo. Ba a cika haɗa shi da ɗakin mai jego ba, alhali wankan kwana arba'in itace yake ci ba kaɗan ba, kuma a Adar ta farkon shekarun 1980 sai mace ta yi tafiyar rabin yini kafin ta haɗa ƙunshi ɗaya. A kwarin Majiya, ƙasar Buza, ƙungiyar CARE da ma'aikatan daji sun riga sun fara dasa layukan dogon yaro tun 1975 don tare iska. Itacen baƙo ne, daga Indiya aka kawo shi zamanin Turawa, amma yau ganyensa ne ake tsomawa a ruwan zafi ana fyaɗa wa mai jego, a inda da ganyen tsamiya aka sani, rassansa da ake sassabewa kuma su ke tafasa ruwan.

Sukar yawan kashe kuɗi a suna ba sabon abu ba ne, amma ta sami murya mai ƙarfi bayan kafa Izala a Jos a 1978 da bazuwarta zuwa Maraɗi da Ƙonni da Tawa. Malamanta suka ce a yanka rago, a raɗa suna, a sallami kowa. Ba maroƙa, ba kiɗa, ba taron mata na yini. Samari masu ƙaramin ƙarfi sun ji daɗin wannan wa'azi, kuma ba a rasa dalili ba. A gefen maza ya yi tasiri sosai, har akwai gidajen da a masallaci ake gama komai. A cikin gida kuwa bai ci nasara yadda aka zata ba, saboda mai wa'azi na kallon abin da ake kashewa ranar suna, mace kuma na kallon abin da ta riga ta zuba a gidaje ashirin wanda in an hana taro ba ranar karɓo shi. Abin da ya fi wa'azi rage kaya shi ne karyewar sefa a Janairun 1994, da darajarta ta ragu da rabi a dare ɗaya, kayan waje suka yi tashin gwauron zabi. Atamfar Holan ta koma ta matan alhazai, sauran suka koma ta Nijeriya, daga baya ta Sin. A tsakanin nan ne kuma, a 1991, CARE ta fara ƙungiyoyin Mata Masu Dubara a jahar Maraɗi, asusun mako mako da ya bazu har Adar. Sabon abu ne a tsari, da akwati da makulli, amma matan da suka saba riƙe bashin biki na shekara goma a ka ba su sha wuyar gane shi ba.

Likitoci ma sun sa baki a kayan barka. A shekarun 1970, Davidson da Parry na asibitin koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya sun danganta yawan ciwon zuciya da ke kama mata bayan haihuwa da yawan shan kanwa da kwanciya kan gadon ƙasa mai wuta a ƙarƙashi. Yau ma'aikatan lafiya na gargaɗi a kan kanwa da ruwan da ya wuce kima a zafi, tsofaffi na ji da kunne ɗaya. A 2006 gwamnatin Tandja Mamadou ta sa maganin yara 'yan ƙasa da shekara biyar ya zama kyauta, binciken 2012 kuma ya nuna mutuwar yaran ta sauko zuwa 127 cikin 1,000. Sai ga shi kayan barka sun juya sun fuskanci jariri: 'yan riguna da huluna da safa, bahon roba, hoda, man shafawa, Omo, fulas na ruwan zafi, gidan sauro. Mutane sun fara sayen rigar da sai yaro ya shekara zai sa, abin da kakanninsu ba za su yi ba. Binciken nan na 2012 ya ce matsakaiciyar haihuwar mace a Nijar 7.6 ce, mafi yawa a duniya a lokacin. Mai abokan biki ashirin, ke nan, da wuya wata ya wuce ba ta da inda za ta kai.

Kiristocin yankin, waɗanda suka taru tun kafa asibitin mishan na SIM a Galmi a 1950, ba su fita daga wannan tsari ba. Cocinsu ba ya yi wa jarirai baftisma, sai mutum ya girma, don haka suna suke yi kamar maƙwabtansu, fasto a wurin liman, mata kuma su shigo da sabulu da atamfa a ƙirga.

Yau kuɗin rago daga Abijan ta Nita ko Al Izza ko Amana yake isowa, a yini ɗaya, hoton jariri kuma ya tafi ta WhatsApp kafin a aske shi. Tsohuwar da ke faɗar abin da aka kawo ta sami 'yar lakwal a gefenta da biro da littafi. Kayan kuwa yawancinsu ta Illela da Ƙonni suke shigowa, shi ya sa rufe iyakar da Nijeriya ta yi a Agustan 2019, da wanda ya biyo bayan juyin mulkin Yulin 2023, duk sai da aka ji su a farashin baho da turmi. Mai zaɓen abin kaiwa tana da tambayoyi uku da ba ta tsallakewa: mene ne ni a gidan nan, me ta kawo mini, kuma haihuwa ta nawa ce, don ta fari ta fi sauran nauyi. Baƙo wanda ba bashin kowa a kansa shi ne mai 'yancin zaɓe, kuma in ya tambayi matan gidan, sabulu za su ce masa, don wanki ba ya ƙarewa, ko kuɗi a hannun mai jego ita kanta, ba a hannun miji ba.

Akuya ma ta dawo, ta wata ƙofar. Bayan fari na baya-bayan nan ƙungiyoyin agaji a jahar Tawa sun ari habbanaye, al'adar Fulani ta ba ɗan uwa aron saniya har ta haihu ya riƙe 'ya'yan ya mayar da uwar, suka mai da ita ta awaki, suna ba mata. Wadda ta karɓa tana kiwo, in sun haihu ta riƙe nata ta miƙa wa ta gaba a ƙungiya. Da sunan uwa ake rubuta waɗannan awaki a littafin ƙungiya, kuma daga cikin 'ya'yansu ne wata kakar ke samun wadda za ta nuna ran suna ta ce ta jikanta ce.